Jakar Gefen Hagu

Daga sansani, can arewa

Yaya Jiddah,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Sali da yara. Ki gaida mini Hajja da kyau, ki ce mata jikanta yana ci yana sha, har ya yi ƙiba. Ƙarya ce, amma haka za ki faɗa mata. Yaya ciwon gwiwar tata?

Kada ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Inda aka kawo mu babu rezo, waya ba ta kamawa, ko da akwai ma ba a barin mu da waya a hannu. Gajere mai rakiyar shanu zuwa kasuwar Etoudi a can wajenku yana lodi a kasuwar da ke kusa da mu, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Na san abin da za ki ce, sai da buƙata ta tashi na tuna da ke, jikar wan kakata Hajja. Na amsa laifina. Ɗinki nake so, kuma duk unguwarmu ta Brik ban san wanda zan ba shi in kwantar da hankalina ba sai ke.

Kowane soja a nan yana da 'yar jaka a ɗamararsa, gefen hagu, kowa wuri ɗaya. Kayan tsayar da jini ne a ciki. Tawa rana da yashi sun cinye mata zif, yanzu da igiya nake ɗaure ta. Ki samo tamfol mai kauri a kasuwar Mokolo, kalar kakinmu, ki bi zanen da na yi a bayan takarda. Ban da zif, ban da maɓalli. Murfi ɗaya mai skrac, irin mannen nan da ke ƙara in an ɓare, da jan harshe a jikinsa, wanda in an fizga sau ɗaya jakar za ta wangale gaba ɗaya.

Kayan cikin ki je wurin Zakiyyu na farmasi a Messa, ya san inda ake samun na gaske. Garo ne a sama, wato ɗamarar da ake murɗawa a cinya ko damtse har jini ya tsaya. Ki cire shi daga ledarsa, ki naɗe shi yadda Zakiyyu zai nuna miki. Ƙarƙashinsa bandejin da ake cusawa cikin rauni, sai mai matsewa, sai filastar toshe ramin ƙirji, da almakashi, da safar hannu, da alƙalamin rubuta lokacin da aka ɗaura garo. Kada ki ƙara komai. Na san halin matan gidanmu, ba kilishi, ba dabino, ba turare.

Abin da nake so ki gane shi ne, jakar nan ba lallai ni zan buɗe ta ba. Wanda ya faɗi, tasa ake buɗewa a yi masa aiki da kayansa. Abokin haɗina wani Bafulatani ne, Mohaman. Shi zai buɗe tawa, ni in buɗe tasa. Hannun da zai ja harshen nan zai kasance da santsin jini. Anfirmiyenmu, wato malamin jinyarmu, ya ce jinin babbar jijiyar cinya yana ƙare mutum kafin a idar da raka'a biyu.

Don Allah kada Hajja ta gani.

Ƙanenki,
Nu'man

Briqueterie, Yaoundé

Nu'man,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa, jan taɓo har cikin shagona. Gwiwar Hajja tana nan yadda ka bar ta. Na ce mata ka yi ƙiba, ta ce wanda ya haife ka ma bai taɓa yi ba.

Ga jakarka. Zanen naka dai Allah ya sa ba da shi kake cin abinci ba, sai da na juya takardar ta kowane gefe kafin na gane ina ne sama. Allura biyu tamfol ɗin nan ya karya mini. Da na gama na shirya kayan yadda ka ce, na ɗaura ta a ƙugun Sali, na tsoma hannuna cikin miyar kuɓewa, na rufe ido na fizga. Ta wangale, garo ya faɗo tafina. Na sake da hagu, na sake da yatsa biyu. Sali ya ce bai san ranar da zai zama soja a gidansa ba. Muka yi ta dariya, sai kuma na dubi hannuna yana yauƙi a kan bandejin, dariyar ta yanke. Wallahi na ji tsoro, Nu'man.

Maganar ɓoye wa Hajja kuwa ba ta yiwu ba. Ka san a ƙofar shagona take wuni tana kallon titi. Ta ɗauki ƙunshin bandeji tana juyawa, ta ce, "Wannan farin ƙyallen na wa ne?" Na ce na wani asibiti ne. Ban rufe baki ba sai ga Zakiyyu da muryar nan tasa, yana tambayar ko kayan Nu'man sun cika.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ajiye ƙyallen ta yi ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Matar da likkafaninta yake cikin akwati tun dawowarta daga Makka, har fito da shi take yi ya sha iska tana hira, amma ɗan farin bandejin nan ya kayar da ita. Da na kai mata kunu ta ce, "Mu tsofaffi muke shirya namu. Shi me ya yi da zai rataya nasa a ƙugu?" Na yi bayani har na gaji.

Yau da safe ta ce in ba ta jakar ta yi mata addu'a. Ta shiga da ita ɗaki, ba ta fito ba sai da Gajere ya aiko cewa za su tashi. Ta miƙo mini ita naɗe cikin leda, fuskarta a sake, har da tambayar ko akwai sauran tuwo. Ta ce in rubuta maka wannan, kuma ta tsaya a kaina sai da na rubuta: tana roƙonka, don girman renon da ta yi maka, kada ka buɗe jakar nan, kada ka bari wani ya buɗe ta don gwaji ko wasa.

Ni ban ga laifin hakan ba. Dama Zakiyyu ya ce kayan ba sa son ƙura da yawan taɓi, kuma gwaji na riga na yi maka. Ka yi mata wannan, tun da shi ya sa ta ci abinci.

Allah ya tsare.
Yayarka Jiddah

Briqueterie, Yaoundé

Nu'man,

Gaisuwa daga baya. Duk inda takardar nan ta same ka, ka ajiye abin da kake yi, ka sa wuƙa ƙarƙashin murfin jakar ka yanke. A ɗinke take.

Ina sharar ɗakin Hajja na ga tsohuwar jakar aikin mijinta marigayi Babba a buɗe, basillarsa a waje, ga zaren ɗinkin fata da dunƙulen kakin zuma. Rabon da a taɓa kayan nan tun rasuwarsa. Na dubi yatsan Hajja na ga ta ɗaure shi da tsumma. Na tambaye ta. Ba ta ɓoye ba, da alfahari ma ta faɗa.

Ta ce, "Rubutun da Ɗanmalam ya yi masa na sa a ciki. To laya ake bari baki a buɗe? Na ɗinke ta yadda kakanku yake yi. Duk zamana da shi ni nake riƙe masa fata yana ɗinki, ko ɗaya bai taɓa warwarewa ba."

Na ce, "Hajja, jakar nan don a buɗe ta aka yi ta."

Ta ce, "Kul, kada in ƙara jin mugun fatan nan a bakinki. Ke kin ɗinka masa abin da ke jiran jininsa. Ni kuwa na rufe. Jakar da ba ta buɗuwa ba ta da ranar buɗewa."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta juya mini baya.

Na ɗauki zaren na yi irin ɗinkin a kan ragowar tamfol, na ba Sali. Ya taka gefe ɗaya da ƙafa ya ja da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta fito, ko motsi bai yi ba. Ta ƙarƙashin murfi ta bi da shi, daga waje ba za ka ga komai ba. Almakashin kuma ni da hannuna na sa shi a ciki.

Na kira lambarka har na haddace muryar matar nan mai cewa ba a samun ka. Gajere bai dawo ba, kuma tun da aka gama layya kamiyoyin da ke ɗauko shanu suka yi ƙaranci. Sali ya samo wani direba a Etoudi da zai bi ta wajenku, shi na ba.

Maganar da na rubuta maka cewa kada ka buɗe, na janye ta. Ka buɗe.

Jiddah

Daga sansani

Yaya Jiddah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Lafiyata ƙalau, sai ƙurajen zafi. Jaka ta iso tare da takardarki, na karanta labarin miyar kuɓewa a gaban mutane, sun yi dariya har saje ya leƙo. Ki ba Sali haƙuri, na ɗora masa aikin da bai nema ba.

Aiki ya yi kyau, Yaya. Ta zauna a ɗamara daram, ba ta kaɗawa in ina gudu. Mohaman ya juya ta ya ce, "Yayanka shi ya iya ɗinki, ka ce shi yi mini nawa." Hausarsa ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa. Ya kai hannu zai ja jan harshen don ya ji ƙarar skrac ɗin, na buge hannun. Na ce tsohuwa ta hana. Ya ce to ai tsohuwa ta fi saje, ya janye.

Ki ce wa Hajja na ji, na kuma bi. Da ke kaɗai ce kika ce kada in buɗe, da tuni na zazzage ta don in ba ki haushi. Amma ke kin gwada, ita ta yi addu'a, me kuma zan duba? In ana duba kaya, gani kawai ake yi tana gefen hagu.

Ki fara nemo wa Mohaman tamfol. Garo ɗaya ne a tasa, ya ce in an yi masa sabuwa a bar wurin biyu, wai mutum ƙafa biyu gare shi.

Za a ɗaga mu daga nan zuwa cikin daji, ban san ina ba, in na sani ma ba zan rubuta ba. Hanyar da za mu bi, makiyaya sun daina bin ta da shanu. Ƙauyukan wajen ko kare ba ka ji. Idan kuka ji shiru kada ku damu, rashin mai kawo takarda ne.

Ƙanenki,
Nu'man

Briqueterie, Yaoundé

Nu'man,

Muna gaishe ka. Kowa lafiya, ni ce dai ba na iya zama a kan keke.

Takardarka ta zo, kuma na gane ta yi saɓani da tawa a hanya. Na karanta inda ka buge hannun Mohaman, na ajiye, na sake ɗauka na karanta. Da ka bar shi ya ja.

Direban nan ya dawo mini da takardata ba a buɗe ba, ya ce ya tarar kun tashi. Na haɗa ta da wannan na ba Gajere hannu da hannu. Na rubuta a bayan ambulan cewa ka yanke ɗinkin jakar, da manyan baƙaƙe, da Hausa da Faransanci, don duk wanda ya riƙe ya gani ya faɗa maka. Gajere ya yi alkawarin zai bi masu kai muku abinci.

A wurin masu tsire kowa da labarinsa na arewa. Wannan ya ce an tare hanya, wancan ya ce ba a can ba ne. In na zo wucewa sai su canza zance.

Na je wurin Ɗanmalam. Ya riƙe baki, ya ce shi rubutu kawai ya ba ta, bai san inda za ta sa ba. Ya zo har gida ya yi mata magana. Ta saurare shi da ladabi, ta ba shi goro, da ya fita ta ce yaro ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro ita ce. Tana ci, tana barci, ta koma zaman ƙofar shago tana tsokanar masu wucewa. Tun tafiyarka ban gan ta cikin natsuwa irin wannan ba.

Ka yanke zaren nan, ƙanena.

Jiddah

Daga wani sansani

Yaya Jiddah,

Assalamu alaikum. Ina raye, ko ƙwarzane babu a jikina. Ki fara faɗa wa Hajja wannan. Sauran ke kaɗai.

Takardunki biyu sun same ni tare, bayan mun dawo. Na karanta abin da kika rubuta a bayan ambulan. Na riga na sani.

Da hantsi ne, muna tafiya a ƙasa a gaban motoci. Mohaman yana gabana kaɗan, ya taka nakiya. Da ƙura ta lafa na rarrafa wurinsa. Ƙafafunsa biyu ta samu. Na buɗe tasa na ɗaura garonsa a ta dama, na murɗa har jini ya tsaya. Ta hagu tana zuba. Anfirmiye yana can baya, ana harbi tsakaninmu da shi. An koya mana kada mutum ya taɓa tasa jakar don wani, amma babu wanda zai ga abin da na gani ya tuna da wannan.

Na ja jan harshen. Na sake ja. Na zaci skrac ɗin ne ya kama, na sa haƙori. Mohaman yana kallona, idonsa biyu, ya ce, "Ja mana." Na saki inda na danne don in zaro wuƙa, hannuna yana santsi, ta suɓuce cikin yashi. Da na samo ta ban san inda zan yanka ba, don ban ga ɗinkin ba, sai na farke jakar ta ciki. Abin da ya fara faɗo mini a hannu takardar Ɗanmalam ce.

Na ɗaura garon. Na rubuta lokaci a kai yadda aka koya mana. Kafin a kai shi mota ya cika.

Anfirmiye ya ce da wuya irin wannan rauni ya bar mutum, ko da an ɗaura nan take. Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce Allah ne masani. Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan, wani lokaci ya zauna, wani lokaci ya ƙi.

Ba ki da laifi. Ni ne soja, ni ya kamata in ja harshen nan ranar da ta iso. Shi ma ya so ja.

Ki ɗinka mini wata, mai wurin garo biyu, a shagon wani, ba a gida ba. Tamfol ɗin da na ce ki nemo wa Mohaman ya isa.

Kuma na roƙe ki, kada Hajja ta san wannan. Ta tsufa, ba za ta iya ɗauka ba. Ki bar ta da abin da ta yarda da shi.

Nu'man

Briqueterie, Yaoundé

Nu'man,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ka tsira. Allah ya jiƙan Mohaman, ya ba iyayensa haƙuri. Ban taɓa ganinsa ba, amma na yi kukansa a kan tamfol ɗin da na yanka da sunansa. Sabuwar jakar tana shagon wata ƙawata a Messa, Gajere zai ɗauke ta daga can.

Na faɗa wa Hajja kana lafiya, an yi artabu ka fita ba ƙwarzane. Ta ɗaga hannu sama, sannan ta dube ni ta ce, "Kin gani?" Na ɓoye mata sauran, saboda kai. Ta sa aka soya masar sadaka aka raba har bakin masallaci, kuma duk wadda ta zo barka sai ta ba ta labarin basillar Babba.

Labarin ya zaga unguwa. Ka tuna Kaltuma ta bayan gidanmu? Ɗanta Abdulgaffar ya gama horo, arewa za a tura shi. Ta zo ta ce in ɗinka masa irin taka, na ce kekena ya lalace. Sai ta ɗauko wadda aka ba shi a wurin aiki, yana can yana sallama da dangi bai sani ba. Ta ce yau in an yi la'asar za ta kawo wa Hajja ta ɗinke mata bakin jakar. Wata mata daga Mokolo ma ta aiko tambaya.

Na ja Kaltuma gefe na ce kada ta yi. Ta ce, "Naku ya dawo lafiya, shi ne kike yi wa nawa baƙin ciki?" Na ɓoye basillar. Hajja ta aika aka sayo mata wata.

Ka ce in bar ta da abin da ta yarda da shi. Na yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ka yafe mini, ba zan iya ba. Na san abin da zai yi mata, ni zan zauna da ita bayan haka, ba kai ba.

An kira la'asar. Ina jiyo Hajja daga nan tana goga wa zare kaki tana 'yar waƙarta. Ina rufe wannan zan ɗauki takardarka in shiga, in zauna a gabanta in karanta mata tun daga sallama, ba zan tsallake inda Mohaman ya ce ka ja ba.

Yayarka,
Jiddah